Laifi Ne a Yi Dariya da Littafin Barkwanci a Kan Aikin Agaji?

Wata 'yar'uwa ta aiko da tambaya. Ta ce an ba ta aron wani ƙagaggen labari na barkwanci a kan ma'aikatan agaji, inda wata baƙuwar ma'aikaciya ta je aiki a sansanin 'yan gudun hijira, ta kamu da son wani likita. Ta kwana tana karatu, ta sha dariya har da hawaye, amma da ta rufe littafin sai jikinta ya yi sanyi. Ya za a yi mutum ya riƙa ƙyalƙyala dariya a labarin da yunwa da kwalara ke ɗauke yara a cikinsa? Tana so ta san ko ta yi laifi, kuma ko da gaske haka rayuwar ma'aikatan agaji take.

Ƙanwata, kwantar da hankalinki, ba ki yi laifi ba. Na daɗe a wannan aiki, kuma zan iya shaida miki cewa babu masu yi wa aikin agaji dariya kamar ma'aikatan agaji. Sanyin jikin da kika ji kuwa ki riƙe shi, zai yi miki rana, domin da shi za ki tantance littafin ƙwarai da na banza. Abin dubawa a irin wannan littafi shi ne wa aka yi wa dariyar.

Mu fara da inda abin dariyar ke fitowa. Aikin agaji aiki ne na ceton rai, amma ana gudanar da shi ne da takarda. Kuɗin yana zuwa daga gwamnatoci da gidauniyoyi, kowanne da sharuɗɗansa, da fom ɗinsa, da ranar da yake so a kawo masa rahoto. Ƙungiya za ta rubuta takardar neman tallafi ta ce za ta haƙa rijiyoyi kaza a wuri kaza. Kafin a amince, watanni sun shige, mutanen sun tashi sun koma wani wurin, damuwarsu yanzu tamfol ce domin damina ta kawo kai. Kuɗin rijiya kuma ba ya komawa kuɗin tamfol sai an sake rubuta takarda an jira izini. Ma'aikaciyar da ta baro gida da niyyar riƙe hannun marar lafiya sai ta tsinci kanta gaban kwamfuta, tana neman rasit ɗin man janareta da ya ɓata. Marubuci ba ya buƙatar ƙara gishiri a nan. Ya faɗi abin yadda yake, mai karatu zai yi dariya da kansa, domin tazarar da ke tsakanin girman niyya da ƙanƙantar abin da ke cinye yini ita ce ainihin barkwancin.

Ga kuma taro. Tun 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kasa aikin gaggawa zuwa rukuni-rukuni: na lafiya, na ruwa da tsafta, na matsuguni, na abinci mai gina jiki, da sauransu, kowanne da hukumar da ke jagorantarsa. Manufar mai kyau ce, kada ƙungiya goma su taru a ƙauye ɗaya su bar na gaba babu kowa. Sai dai kowane rukuni yana da taronsa, kuma akwai taron daidaita tarurrukan. Idan a littafinki kin ga manyan mutane sun shafe sa'o'i suna gardamar tambarin wa zai fi girma a jikin ƙofar masai, marubucin ya san wurin. Masu ba da tallafi da yawa suna sharɗanta a nuna tambarinsu a jikin abin da kuɗinsu ya saya.

Ko maganar masai ɗin ma tana da fuska biyu, kuma marubucin ƙwarai yana nuna duka biyun. Akwai kundin ƙa'idoji da ake kira Sphere, wanda aka fara aikinsa a 1997, da ya tanadi mafi ƙarancin abin da ya kamata mutum ya samu a halin gaggawa: ruwa lita 15 a rana ga kowane mutum, masai ɗaya ga mutum 20. Injiniyan da ba shi da hira sai ta ramin masai, ko a wurin cin abinci, abin dariya ne a shafi. Amma aikinsa ne ke tsaye tsakanin sansanin da kwalara. Idan littafin ya sa kin yi masa dariya a farko, daga baya ya sa kin gane darajarsa, to marubucin ya yi aikinsa.

Sai kayan sadaka da ba a nema ba, waɗanda kusan kowane littafi irin wannan ke taɓawa. Da an yi girgizar ƙasa ko ambaliya sai jama'a a ƙasashe masu nisa su tattaro abin da ke ɗakunansu: rigunan sanyi zuwa ƙasar zafi, takalma wari-wari, magungunan da lokacinsu ya wuce ko waɗanda aka rubuta bayaninsu da harshen da babu mai karanta shi a wurin. Abin ya yi ƙamari har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin ba da gudummawar magani a 1996. Kayan nan suna cika sito, suna toshe filin jirgi, suna cinye lokacin waɗanda ya kamata su sauke abin da ake jira, wani lokacin ma sai an kashe kuɗi kafin a ƙona su.

Zuwan taurari ma tsohon fage ne. Bayan yunwar Habasha ta tsakiyar shekarun 1980 aka yi gagarumin wasan waƙa na Live Aid a ranar 13 ga Yuli 1985, a Landan da Filadelfiya. A shekarar ne kuma masu barkwanci na Ingila suka kafa gidauniyar Comic Relief, wadda ke tara kuɗin agaji ta hanyar ba mutane dariya. Kin ga ke nan dariya da agaji sun daɗe suna tafiya tare. Marubuciya Helen Fielding ta yi aikin shirya finafinan talabijin a Afirka don wannan gidauniya, kuma ƙagaggen littafinta na farko, Cause Celeb, na 1994, a kan wannan fagen yake: ma'aikaciyar sansani a wata ƙirƙirarriyar ƙasar Afirka da ta koma Landan neman taurarin da za su jawo hankalin duniya. Abin da ake zolaya a irin wannan labari shi ne tauraron da ya zo ganin masu yunwa amma hankalinsa na kan yadda zai fito a kyamara. Sukar ba ta tsaya a littafi ba: a 2020 Comic Relief ta sanar cewa ta daina tura taurari Afirka don ɗaukar irin waɗannan finafinai.

Su kansu ma'aikatan, dariya tana cikin abin da ke riƙe su. Ma'aikaciyar jinya da ke yini tana ɗaura ma'aunin dantse a hannun yara, ta san duk wanda ya gaza milimita 115 tamowa ta ci ƙarfinsa, ba za ta iya yin kuka a kan kowane yaro ba, in ta yi gobe ba ta fitowa aiki. Da dare sai a zauna a yi ta kwaikwayon baƙon da ya zo daga hedikwata, a yi dariyar mota da ta maƙale a taɓo, a yi dariyar rahoton da aka mayar sau uku saboda waƙafi. Wata dariyar irin murmushin nan ce da ya fi kuka ciwo. Haɗarin ma na gaske ne. A ranar 19 ga Agusta 2003 aka tayar da bam a ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Bagadaza, mutum 22 suka mutu, ciki har da wakilin Majalisar, Sergio Vieira de Mello, shi ya sa ake kiran wannan rana Ranar Jin Ƙai ta Duniya. Mutanen da ke kwana da sanin irin wannan suna buƙatar abin da zai sassauta musu ƙirji.

Yanzu mu zo ga inda na fi so ki tsaya. Ɗauko littafin, ki tuna wuraren da kika fi yin dariya, ki tambayi kanki a kan wa ta sauka. Idan a kan shugaban ofis ne mai ji da kansa, ko mai ba da tallafi da bai taɓa taka sansanin ba, ko jarumar da kanta lokacin da ta zo da tunanin ita ce za ta gyara ƙasar da ko gaisuwarsu ba ta iya ba, wannan dariya mai tsafta ce, har tana da amfani, domin mai riƙe da kuɗi da mota da rumbun abinci yana buƙatar wanda zai tuna masa cewa shi ma mutum ne. Idan kuwa a kan tsohuwar da ke layin karɓar hatsi ta sauka, ko a kan yadda mutanen wurin ke furta Turanci, ko an mayar da talaucinsu da imaninsu abin nishaɗi, to sanyin jikinki yana kan gaskiya, kuma laifin na marubucin ne.

Akwai wani aibu da ya fi wannan ɓoyuwa, kuma ya fi yawa. Littafin ba ya zolayar mutanen wurin, amma kuma ba ya ganinsu. Suna nan dai a bayan fage, taron jama'a marasa suna, masu haƙuri, masu godiya, suna jiran jaruma ta gama rikicin zuciyarta. Marubucin Kenya Binyavanga Wainaina ya yi wa wannan salo kaca-kaca a wata maƙala ta gatse da ya buga a mujallar Granta a 2005, a kan yadda baƙi ke rubutu game da Afirka. A 2012 kuma wata ƙungiyar ɗalibai a Norway ta fitar da bidiyon barkwanci inda 'yan Afirka ke tara na'urorin ɗumama ɗaki don ceto mutanen Norway daga sanyi, domin a ji yadda abin yake idan aka san ƙasarka da abu ɗaya tak. Waɗannan biyun barkwanci ne, kuma da dariya suka faɗi abin da rahotanni masu kauri suka kasa shigarwa kunnen mutane.

Gaskiyar aikin ita ce mafi yawan ma'aikatan agaji, da tazara mai nisa, 'yan ƙasar da abin ya shafa ne. Su ne direbobi, tafintoci, ma'aikatan jinya, masu sito, akantoci, masu gadi, da shugabannin ayyuka da yawa. Su suka san wace hanya ce ba a bi bayan la'asar, da wane dattijo za a fara gaisarwa kafin a sauke kaya. Su ne kuma mafi yawan waɗanda ake kashewa ko sacewa a bakin aiki, alhali albashinsu da inshorarsu ba su kai na baƙo ba. Kafin ma wata farar mota ta iso, maƙwabta ne ke fara tono mutane daga ƙarƙashin gini, su ne ke buɗe ƙofa ga waɗanda suka gudo. A taron jin ƙai na duniya da aka yi a Istanbul a 2016, manyan masu ba da tallafi da ƙungiyoyi sun yi alkawarin cewa zuwa 2020 kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai riƙa isa ga ƙungiyoyin cikin gida kai tsaye gwargwadon iko. Shekarar ta zo ta wuce ba a ko kusanci wannan adadi ba. Saboda haka ki duba direban da ke littafinki. Yana da suna? Yana da iyali, da ra'ayi, da abin da yake so wa kansa? Mafi muhimmanci, shi ma yana ba da dariya da bakinsa, yana zolayar baƙin a bayan idonsu? Domin a zahiri yana yi, kuma sau da yawa zolayarsa ta fi ta kowa kaifi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Marubucin da ya ba shi wannan dama ya zauna da mutane da gaske.

Maganar soyayya kuwa, e, tana faruwa, kuma ba abin mamaki ba ne. Ki tara samari da 'yan mata, da waɗanda aurensu ya mutu saboda yawan tafiya, a gida ɗaya mai katanga da waya, ga dokar hana fita da zarar rana ta faɗi, ga nisa da dangi, ga fargaba da gajiya da suke sha tare. Wanda ya tsaya kusa da ke ranar da asibiti ya cika ya san wani abu game da ke wanda ba za ki iya bayyana wa na gida a waya ba. Shaƙuwar da za ta ɗauki shekara a wani wuri tana ƙulluwa a mako uku. Marubuta suna son wannan fage don wani dalili kuma: kwantiragin aiki gajere ne, wata shida ko shekara, wani lokaci ƙasa da haka. Labarin soyayya yana buƙatar abin da zai raba masoya, a nan kuwa ranar rabuwa tana rubuce a takardar ɗaukar aiki tun kafin su haɗu. Ga hutun sararawa da ake ba ma'aikaci bayan wasu makonni a wuri mai wuya, inda masoya ke fita wani birni mai zaman lafiya su gano ko suna da abin cewa da juna idan babu ƙarar janareta da rediyon oba-oba. Da yawa sukan tarar babu. Wasu kuma sun yi aure sun hayayyafa. Littafin da ya nuna wannan gwaji ya fi burge ni a kan wanda ya tsaya a sumbata a gaban faɗuwar rana.

Abin da littattafan ke ƙarawa shi ne yawan lokaci da kyan jiki. Likitan gaske yana fama da zazzaɓi da ciwon ciki da rashin barci, kuma rabin darensa na tafiya ne a ƙirgar magani.

Amma akwai iyakar da ba na so ki bari wani littafi ya shafe miki ita, komai daɗin alƙalaminsa. Soyayya tsakanin abokan aiki biyu daban take da hulɗa tsakanin mai rabon abinci da mai karɓa. A 2002 wani bincike na Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar Save the Children ya fito da zarge-zargen cewa a sansanonin Gini da Laberiya da Saliyo wasu ma'aikata suna neman 'yan mata da lalata a madadin abinci da sauran kayan agaji. A 2003 Kofi Annan, Babban Sakataren Majalisar a lokacin, ya fitar da doka da ta haramta wa ma'aikata mu'amalar jima'i da wanda bai kai shekara 18 ba, ta haramta musayar kuɗi ko kaya ko aiki da jima'i, ta kuma yi kakkausan gargaɗi a kan hulɗa da masu karɓar agaji, saboda ƙarfin ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ne. A 2018 labarin abin da wasu ma'aikatan ƙungiyar agaji ta Oxfam suka aikata a Haiti bayan girgizar ƙasar 2010 ya fito fili ya girgiza fannin gaba ɗaya. Yarinyar da sunanta ke cikin rajistar da kai kake riƙe da ita ba ta da halin ce maka a'a. Duk littafin da ya shafa wa wannan zuma ya kira shi soyayya, ki ajiye shi.

Tsakanin waɗannan biyun akwai wani labari da na fi ganin ya cancanci alƙalamin gwani, wato soyayya tsakanin baƙon ma'aikaci da ɗan ƙasa abokin aikinsa. Halal ce, tana faruwa, kuma tana ɗauke da tambayar da babu hanyar kauce mata: idan gari ya rikice, wa ke da kujera a jirgi? A Afrilun 1994, da kisan ƙare dangi ya ɓarke a Ruwanda, an kwashe baƙi cikin kwanaki, aka bar ma'aikata 'yan ƙasa, kuma an kashe da yawa daga cikinsu. Har yau tsarin kwashe ma'aikata zuwa wata ƙasa a mafi yawan ƙungiyoyi na baƙi ne. Masoya biyu, ofis ɗaya, fasfo daban. Littafin barkwanci yana iya ɗaukar wannan nauyi idan marubucin ya san lokacin da zai daina wasa.

Sanin wannan lokaci shi ne babbar alamar gwaninta a wurina. Akwai wuraren da barkwanci ba ya shiga. A Yulin 1994 ɗaruruwan dubban mutane suka tsallaka daga Ruwanda zuwa garin Goma na ƙasar Zaire (Kongo ta yanzu) cikin 'yan kwanaki, kwalara da atini suka kashe kusan mutum 50,000 a wata na farko. Daga baya ta bayyana cewa waɗanda suka jagoranci kisan suna cikin sansanonin, suna juya rabon kayan agaji suna sake shiri, har reshen Faransa na ƙungiyar likitoci ta MSF ya janye kafin ƙarshen shekarar, yana ganin zamansa na taimakon masu laifi. Wasu ƙungiyoyin suka zauna, suna cewa mata da yaran da ke wurin ba su kashe kowa ba. Har yanzu ana gardama a kan wa ya yi daidai. A Haiti, kwalarar da ta ɓulla a Oktoban 2010 ta samo asali ne daga sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kashe kusan mutum 10,000, kuma sai a Disamban 2016 Ban Ki-moon, Babban Sakataren Majalisar a lokacin, ya nemi gafarar mutanen ƙasar. Marubucin da ya san irin wannan tarihi, ko bai ambace shi ba, za ki ji shi a rubutunsa. Idan yaro ya mutu a labarin, salon yana sauyawa, jimloli suna gajarta, babu wanda ya yi zolaya a wannan shafin. Dariyar da ta biyo baya kuma ɗanɗanonta daban ne, domin yanzu kin san abin da masu yin ta suka gani da rana. Ina kyautata zaton abin da ya same ki ke nan: littafin ya sa kin saki jiki da dariya, mutanen cikinsa suka shiga ranki, shi ya sa mutuwar ta taɓa ki fiye da yadda alƙaluman labaran rediyo ke taɓa mutum.

Idan kuma littafin ya sa miki sha'awar shiga aikin, to ki sani ƙofar ba irin ta jarumar ba ce, wadda ta hau jirgi don guje wa wani saurayi ta sauka ta zama shugabar sansani. Ƙungiyoyi suna neman masu sana'a a hannu: ungozoma, ma'aikaciyar jinya, injiniyan ruwa, masanin abinci mai gina jiki, mai lissafin kuɗi, mai iya sarrafa sito da jigilar kaya, mai jin harsunan mutanen da ake yi wa aiki. Mafi yawan waɗanda suka yi nisa sun fara ne a ƙasarsu, da ƙaramin matsayi, a ƙungiyar cikin gida ko reshen Red Cross ko Red Crescent, sun koyi rubuta rahoto da tsara kasafin kuɗi kafin a tura su ko'ina. Kafin ki sa hannu a takardar kowace ƙungiya, ki tambayi tsarin tsaronsu, da inshorar da suke yi wa ma'aikaci ɗan ƙasa, da hanyar da mace za ta kai ƙara idan na sama da ita ya matsa mata.